Hayaƙin Tubalan Marsali

Zuwa ga Marsali, 'yata, hasken idona, sanyin ƙirjina, furen da ya tsiro a bakin teku inda iska ba ta barin komai ya tsaya, tauraruwar da masunta ke dubawa su gane hanyar gida, ɗumin murhuna, zumar shayina, 'yar tunkiyata da Makiyayi ya saɓa a kafaɗa tun rana ba ta yi ba!

Na san dariya kike yi. Na san kina cewa, wace ce wannan ta ari alƙalamin uwata? To, ni ce, Dolina, wadda ta haife ki, kuma da hankalina. Tun kina jaririya ban taɓa yabonki a gaban idonki ba, kuma ba na nadama. Yabo yana kumbura yaro, girman kai kuwa shi ne ƙofar kowane zunubi. Amma yanzu kina inda girman kai ba ya shiga, kina gaban Mai Cetonki, babu abin da zan faɗa da zai lalata ki. Saboda haka zan faɗi abin da na tara a bakina shekara arba'in da ɗoriya. Kin fi safiyar watan Mayu kyau. Muryarki ta fi ta tsuntsun nan da ke tashi sama daga ciyawa yana rera waƙa har ido ya daina ganinsa. Tafiyarki kamar ruwan tafki ne in iska ta kwanta. Wa ya taɓa ganin 'ya irinki a duk yammacin tsibirin Lewis? Ni dai ban gani ba, kuma na daɗe ina duba 'ya'yan mutane da idon neman laifi.

Na sani matattu ba sa karanta wasiƙa. Ba roƙonki nake yi ba, roƙo na Allah ne shi kaɗai. Amma ina da labari, kuma ke kaɗai nake so in ba. Labarin tsibin tubalan wutar da kika gina a bayan gidanki ne, tubalan baƙar ƙasar fadama da muke busarwa mu hura murhu da su, tsibin da mijinki Tormod ya hana a taɓa tun da kika tafi, har ya kusa ruɓewa a banza, 'ya'yanki kuma suna kwana cikin sanyi. Bari in fara daga fadama, domin can zuciyata take komawa kullum.

Kin tuna Mayunki na ƙarshe? Ni a sama da ƙarfen yanka, ina taka shi da ƙafa yana nutsewa cikin baƙar ƙasa kamar wuƙa cikin man shanu, ke a ƙasa cikin rami kina cafe kowane tubali jiƙaƙƙe da hannu biyu, kina jefa shi kan gaɓa ya sha iska. Haka muka yi tun kina 'yar makaranta, a gaɓar da kakarki ta yanka, wadda ita ma kakarta ta yanka. Rana ta fito sosai a ranar, abin da ba ta saba ba. Hannuwanki sun yi baƙi har gwiwa, kumatunki sun yi ja, gashinki ya kuɓuce daga ɗankwali yana wasa da iska. Wayyo, Marsali! Da na san yadda zan riƙa neman wannan hoton a bayan idona, da na ƙara kallonki maimakon kallon bakin ƙarfe.

Mun gama abin da zai ishi gida shekara guda, na jingine ƙarfe, sai kika ce mu ci gaba. Na ce miki, “Kwaɗayi ne, ko tumakin tsibirin nan duka za ki gasa?” Murdina maƙwabciyarki tana wucewa da buhunta ta ɗaga murya ta ce, “Ke Marsali, ki rage wa jikokinki fadamar mana!” Kika ce mata, “Murdina, ki ji da naki. Na ga tubalan da kika yanka, na zaci biskit kika shanya.” Ta tafi tana zaginki tana dariya.

Sai da muka zauna shan shayi a kan ciyawa, kika shafa wa gurasar alkama cuku kika miƙo mini, sannan kika faɗa, kamar mai ba da labarin farashin ulu. Kika ce, “Mama, ciwon dajin nan da suka cire mini bara ya dawo. Ya shiga hanta. Sun ce zan ga haƙar dankali, amma da wuya in ga sabuwar shekara. Ina so in bar musu wutar hunturu biyu. Ɗaya na kuka, ɗaya na koyon yanka.”

Teku ba ta tsaya ba. Tsuntsun nan bai daina waƙarsa ba. Gurasar tana hannuna, na cinye ta, domin ba a zubar da abinci. Sannan na tashi na ɗauki ƙarfe na ce, “To, me muke jira?” Kika dube ni kika yi murmushin nan naki na gefen baki, kika koma cikin rami. Ban san wata uwa za ta yi fiye da haka ba. Waɗansu za su ce in rungume ki in yi kururuwa. Kururuwa ba ta ɗumama ɗaki. Kin nemi wuta, na taka ƙarfe. Amma ki sani, ya ƙaunatacciyata, duk takun da na yi a yinin nan a kan zuciyata na yi shi.

Da tubalan suka bushe aka kwaso su da tarakta, da kanki kika gina tsibin, kina hutawa kina komawa, kin ƙi kowa ya sa miki hannu a bango. Kika jera su a karkace, kowanne ya jingina da ɗan'uwansa, yadda ruwan sama zai zame ya sauka, iska kuma ta ratsa. Ya fito kamar kwalekwalen da aka kife, dogo, baƙi, ba ko tubali ɗaya da ya leƙo. Mutane suka riƙa rage gudun mota don su kalla. Ni na zagaya shi na ce miki kusurwar arewa ta ɗan yi ciki. To, ba ta yi ba sosai. Babu tsibi kamarsa a ƙauyen nan tun rasuwar babanki.

Ba zan daɗe a kan jinyar ba, kin fi ni saninta. Abin da nake so in rubuta shi ne yadda kika ɗauke ta. Matan zamani in kansu ya yi ciwo sai duniya ta ji a waya. Ke kuwa kina dawowa daga asibiti a can tsallaken teku, jirgin ruwa ya gama jijjiga ki, maganin ya gama ƙona miki jijiya, sai ki tambaya ko an ba kaji abinci. Da gashinki ya zube kika sa hular coci kika ce, “Mama, yau dai ba za ki ce gashina ya leƙo ba.” Ran Asabar kina kwance kina fere dankalin Lahadi a cikin kwano bisa cinyarki, don kada a yi aiki a ranar Ubangiji saboda ke. Ba a taɓa ganin shanya a igiyarki ran Lahadi ba, ko da yaran suna jarirai. Kika auri ɗan birni wanda da farko don ya gan ki kawai yake zuwa sujada, ba ki yi masa wa'azi ba, ba ki yi masa gori ba, kika yi ta zama kusa da shi kamar yadda ruwa ke zama kusa da dutse, har ya zama shi ke buɗe Maganar Allah safe da yamma a gidansa. Wace irin mace ce ke? Daga ina kika samo wannan taushin? Ba daga wurina ba ne, kowa ya sani. Kyauta ce daga sama, aka ba ni riƙo, aka karɓa.

Kin ga haƙar dankali. Ba ki ga sabuwar shekara ba. Ranar da aka kai ki, maza suka jeru biyu biyu suna karɓar akwatin hannu zuwa hannu har ƙarshen ƙauye, mu mata muka tsaya a bakin ƙofa yadda ya kamata. Na riƙe 'ya'yanki biyu, Ishbel a dama, Shona ƙarama a hagu. Ban yi kuka a gaban mutane ba. Na tsaya ina kallon bayan riguna baƙaƙe har suka sha kwana wajen teku, inda yashi ke riƙe da babanki. Na ce a raina, Ubangiji ya bayar, ba zan yi masa gardama ba. Har yau ban yi ba.

Yanzu ga Tormod. Kin san ina ƙaunarsa, ko da yake ban taɓa gaya masa ba, kuma ba zan gaya masa ba tunda yana da rai. Mutumin kirki ne. Yana tuƙa motar makaranta, yana yi wa Shona kitso mai kama da igiyar jirgi, bai taɓa fashin sujada ba. Amma ɗan birni ne, da gawayin buhu aka raine shi, bai san gaban tubali da bayansa ba. Mako guda bayan jana'izarki ya sayo wani shuɗin tamfol ya lulluɓe tsibinki ruf, ya ɗaure da igiya, ya danne da tsofaffin tayoyi. Ya toshe murhu, ya sayo hitar lantarki guda biyu masu ja kamar idon maye, waɗanda ke gasa ƙafar mutum bayansa na daskarewa.

Hunturun farko na yi shiru. Ke da kanki kin ba shi shekarar kuka. Na sayi gawayi na hura a gidana. Amma Mayu ya zo ya wuce bai taka fadama ba, hunturu na biyu ya shigo, bangon ɗakin yara ya fara tsatsafo da ruwa, Shona ta kama tarin da ba ya sakinta. Ishbel ta shigo wurina rannan da rigar sanyi biyu a jikinta ta ce, “Kaka, gidanmu ya fi firij. Madara ma ta daina lalacewa.” Na ce mata ta daina raina gidan ubanta. Ta ce, “Tsohuwa, ke da kike da wuta ai dole ki yi wa'azi.” Bakinki ne da ita, sak.

Na je na same shi. Na ce, “Tormod, abin da kake yi yana da suna, sunansa bautar gunki. Ka ɗauki ƙasa ka yi mata riga kana gadinta, 'ya'yanka na tari.” Ya ce, “Mama, ki bar ni. Yatsunta ne a jikinsu. In na sa a wuta, hannunta nake ƙonawa.” Na ce, “Hannunta yana cikin yashi yana jiran ranar tashi, ranta yana wurin Ubangiji. Wannan ƙasa ce.” Ya dube ni da idanun nan nasa na karen da aka bari a waje, ya ce, “Mama, da ke aka naɗa fasto, da ko kujerun coci sun gudu.” Na tura masa dattijon ikilisiya, suka sha shayi, suka yi hirar tumaki, dattijon ya fito yana share ido. Maza ke nan. Ban iya zuwa in yaye tamfol ɗin da ƙarfi ba, gidansa ne, kuma ba ni na koya miki a shiga tsakanin mutum da ikon gidansa ba.

Sai aka yi iskar nan mai ƙarfi bayan sabuwar shekara. Da safe ina wucewa ta bayan gidanki na ga gefen tamfol ya ɗage, wani wari ya buge ni, warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Na zura hannu. Jiƙe sharkaf! Abin da ɗan birni bai sani ba, tubali da iska yake rayuwa. Kin gina shi yadda zai sha ruwan shekaru bai damu ba, shi kuwa don ƙauna ya toshe masa numfashi, ya yi ta gumi a ciki, farar fumfuna ta bi bango, layin waje ya fara marmashewa kamar burodin da ya kwana a ruwa. In aka bar shi zuwa bazara, duk abin da kika yanka da sauran ƙarfinki zai koma laka, bai ɗumama ko yatsan yaro ɗaya ba.

Na zaro guda daga ciki, wanda bai lalace ba. Na juya shi. Marsali, Marsali, gaskiyar Tormod! Ga su nan, ramuka huɗu a gefe ɗaya, babban yatsa a ɗaya gefen, inda kika cafe shi yana jiƙe, rana ta busar da shi da shaidarki a jiki. Har ɗan ƙaramin yatsan nan da ya karkace tun ranar da kika faɗo daga katangar tumaki, bayan na hana ki hawa. Na sa yatsuna a cikin ramukan. Sun yi mini kaɗan. Yaushe hannunki ya rame haka ban lura ba? Ina kike, ya 'yar cikina? Ina hannun da ke ɗaure mini igiyar takalmi da bayana ya ƙi lanƙwasuwa? Ina muryar da ke bin mai ja mana waƙa a coci, tana hawa tana sauka kamar igiyar ruwa a kan yashi, har in rasa inda tawa take? Na tsaya a bayan gidanki cikin yayyafi da guntun ƙasa a hannu, tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu. A nan na gane da wa'azi ba za a raba mutumin nan da tubalan nan ba. Abin da na faɗa masa gaskiya ne, kuma har gobe gaskiya ne, amma ba ta wannan ƙofar zai fito ba.

Na koma gida na yi addu'a, na sha shayi, sai abin ya faɗo mini. Kin san al'adarmu: duk gidan da ya yanka, sai ya kai wa gwauruwar da ba ta da mai yanka mata rabonta, kafin ma ya hura nasa. Tun rasuwar babanki ke ce mai turo mini baro a ƙofa kowace kaka. Washegari na sa hulata ta fita unguwa, na same shi yana wanke motar makaranta. Na ce, “Tormod, na zo karɓar rabona.” Ya ce, “Wane rabo, Mama?” Na ce, “Rabon gwauruwa. Na taka ƙarfe a tsibin nan, kuma hunturu biyu ke nan ba a kawo mini ko guda ba. Kana so a ce a ƙauyen nan gidan Marsali ne ya fara hana gwauruwa wuta?”

Soso ya faɗi daga hannunsa. Ɗan birni ne, amma ya zauna da mu ya isa ya san wannan ba abin da ake cewa a'a ba ne. Ya ce, “Mama, ke muguwa ce.” Na ce, “Na ji. Ɗauko baro.”

Da hannunsa ya kwance igiyar. Da ya yaye tamfol ɗin ya ga fumfunar, ya ga bangon da kika jera yana zubewa a ƙafarsa, sai ya durƙusa ya riƙa tattara marmashin da tafin hannu kamar zai mayar. Ban ce masa na gaya maka ba, ko da yake maganar ta zo har bakin haƙorana. Na ce, “Na ciki lafiya lau suke. Tono.” Ya cika baro da busassu, ya tura har ƙofata, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ya juye, ya tafi ɗauko yara.

Na kwashe gawayin daga murhu na jera naki. Na sa ashana. Kin san yadda yake kamawa, ba gaggawa, ba tartsatsi, sai ja ya shiga cikinsa a hankali kamar fitowar rana a kan tudu. Shuɗin hayaƙi ya hau ta bututu, iskar yamma ta kwantar da shi a kan hanya, daidai inda motar makaranta ke tsayawa. Ina tsaye a taga na ga Shona ta sauko, ta yi taku biyu, ta tsaya cak, ta ɗaga hanci. Sai ta yar da jaka ta sheƙo da gudu, Ishbel na binta, suka banko ƙofa ko sallama babu, Shona na cewa, “Kaka, Kaka, ƙanshin Mama!” Ban tsawata musu a kan takalmi ba. Gaskiya ta faɗa. Ƙanshin gashinki ne, da rigunanki, da gurasarki, da wuyanki in kin sunkuya kin sumbace su. Shekara guda da ɗoriya uban ya rufe shi a ƙarƙashin tamfol yana zaton ajiye ki yake yi. Suka zube a gaban murhu kamar 'yan kyanwa, Ishbel da ke ganin ta girma ta ɗora kai a gwiwata.

Shi kuwa bai shigo ba. Ya ajiye motar ya zo ya tsaya a tsakar gida, a inda hayaƙin ke sauka, ya cire hula, ya rufe ido, hayaƙin na zagaya shi. Ya daɗe a haka, har shayin da na zuba masa ya huce na sake wani. Da ya shigo idanunsa jawur ya ce, “Mama, murhunki yana hayaƙi.” Na ce, “Murhuna bai taɓa hayaƙi ba. Zauna ka ci gurasa.” Ya zauna. Ya miƙa tafin hannunsa ga wutar, ya juya bayansu, ya sake juyawa. Can ya ce, a hankali, ba da ni yake ba, “Ashe ɗumi ta bar mana.”

Da gari ya waye na leƙa ta taga, ga shuɗin hayaƙi yana tashi daga bututun gidanki, a miƙe, kamar addu'ar da aka karɓa. Na tsaya na gode wa Ubangiji da babbar murya, ni kaɗai a ɗaki.

Ga yadda abubuwa suke yanzu, ya farin cikina. Layin waje ya tafi, mun watsa shi a gonar dankali, ba a yi asara ba tunda ƙasa ta koma ƙasa. Sauran Tormod ya sake jerawa da kansa, babu tamfol. In kin ga tsibin sai kin riƙe ciki: ya karkace kamar haƙoran tsoho. Murdina ta tsaya a bakin katanga ta ce, “Tormod, gini ne wannan ko tarakta ce ta yi amai?” Ya ce mata in ta iya ta zo ta gyara, ta kuwa shigo ta gyara kusurwa ɗaya tana mita. Bangon ɗakin yara ya bushe. Tarin Shona ya tafi. Hitocin nan biyu suna cikin rumfa, inda ya dace da su. Da yamma in ya buɗe Maganar Allah yana ja musu waƙa da muryarsa mai kama da ƙofar da ba a sa wa mai ba, yaran na bi, wutarki na ci. Abin da ya rage zai kai su bazara, har ya ɗan yi saura. Lissafinki bai kuskure ba, sai dai shekarar kukan ta ɗan zarce.

Ina zaune lafiya, Marsali. Kada ki zaci wasiƙar baƙin ciki ce wannan. An ba ni 'ya wadda ta ji tsoron Allah, ta riƙe mijinta da mutunci, ta raini 'ya'yanta da hannu mai taushi da baki mai gaskiya, ta ga mutuwa tafe ta tashi ta yanka musu tubalan wuta. Mata nawa aka ba irin wannan? Kewarki tana nan, ba ta raguwa, tana zuwa tana komawa kamar cikar teku, amma ba ta nutsar da ni. Na san inda kike, na san wanda ke riƙe da ke, kuma hannunsa ya fi nawa.

Ga alkawarina. In Ubangiji ya kai mu Mayu, za mu hau fadama mu huɗu. Tormod zai taka ƙarfe, zan tsaya a kansa har ya daina yanka su kamar sabulu. Ishbel za ta shiga rami, a inda kike tsayawa. Ta riga ta fara ƙorafin farcenta, na ce mata farce yana tsirowa. Shona za ta ɗauki butar shayi. Gaɓar kakarki ba za ta rufe ba muddin ina numfashi. Zan riƙe miki su da tsawa da gurasa, yadda na riƙe ki, kuma ba zan yabe su a gaban idonsu ba.

Saura abu ɗaya. Jiya na tarar da tubali guda a kan tagar kicin ɗina, Tormod ne ya ajiye bai faɗa ba. Tubali ne da yatsunki biyar suka fito a jikinsa sarai, har da karkataccen. Na san abin da yake nufi, yana so ya ga ko mai wa'azi za ta iya abin da ta sa shi. Zan iya. Ba zan mai da shi gunki ba, wuta aka yanka shi domin ta, kuma wuta zai shiga. Sai dai tubali ne mai kyau, baƙi, mai nauyi, daga can ƙasan gaɓa, irin wanda ke ci tun safe har la'asar, kuma zunubi ne a ƙona irinsa a rana mai sauƙi. Zan jira ranar da ta fi kowace sanyi a hunturun nan, ranar da ƙasusuwana suka ƙi ɗumi. Ran nan zan sa yatsuna cikin naki sau ɗaya, in ɗora shi a tsakiyar murhu, in ja kujera kusa, ki ɗumama ni.

Ki huta, ya furena, ya hasken safiyata, ya mafi daɗin abin da aka taɓa ba ni. Ba zan daɗe ba. Har teku ta daina dukan duwatsun nan, har a kira sunana a inda aka kira naki, ni taki ce, ba na canjawa.

Uwarki mai ƙaunarki har abada,
Dolina